Kayan da hannun uwa bai kai ba a cikin jirgi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye, musamman 'yan uwana mata, game da shiga jirgin sama da ƙananan yara. Aikin maigida ya raba mana zama tsakanin ƙasashe biyu, don haka na daɗe ina jigilar yara a jirgi, galibi ni kaɗai. Wannan ya sa duk wadda za ta yi tafiyar farko da jariri cikin dangi da ƙawaye sai ta neme ni, kuma tambayar ba ta wuce guda: me zan saya? Sai ta biyo da hotunan kayan talla, ga matashin da ake hurawa, ga akwatin da yaro ke hawa ana jan sa, ga jaka mai aljihu barkatai. Ni kuwa amsata ita ce, kafin a kai ga me za a saya, a fara sanin ina za a ajiye.

Kayan matafiyi wuri uku suke zama a jirgi. Akwai waɗanda aka auna aka shiga da su ƙasan jirgi, waɗannan kin yi sallama da su sai an sauka, in Allah ya sa sun sauka tare da ke. Akwai na ma'ajiyar da ke saman kai. Sai ɗan wurin da ke ƙarƙashin kujerar da ke gabanki. Mutane suna ɗauka duk abin da suka shigo da shi yana hannunsu, alhali ba haka ba ne. Daga lokacin da aka rufe ƙofa, jirgi ya bi titinsa, ya tashi, ya daidaita a sama har aka kashe fitilar ɗaura bel, ana iya cin minti talatin ko arba'in, in akwai layin jirage ma ya fi haka. Haka wajen sauka, haka in an shiga gargada a tsakiyar tafiya. Duk tsawon wannan lokaci ba ki da izinin miƙewa, yaro yana kan cinyarki, hannu ɗaya yana tallabe da shi. Abin da ɗaya hannun bai iya kaiwa ya buɗe ya ciro ba, da shi da wanda aka baro a gida duk ɗaya. Su kuwa yara, Allah ya shirya mana su, amai da kashi da neman nono duk sai a wannan lokacin suke tasowa.

Saboda haka gwajin da nake yi wa kowane kaya kafin ya shiga jaka shi ne in saɓa yaro a kafaɗa in gwada buɗe shi da hannu ɗaya. Kwalbar da sai an riƙe gindinta an murɗa murfi ta faɗi jarrabawa. Ledar tishu mai lema da sai an ɓamɓare bakinta da farce ita ma ta faɗi, a nemi mai murfin roba da ake dannawa ya ɗago. Rigar jariri mai jerin maɓallai a baya, komai kyanta, ta jira ranar ɗaukar hoto. Ta tafiya ita ce mai zif daga wuya zuwa ƙafa. Jakar kanta gara ta goyawa a baya a kan ta ratayawa, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera ba tare da an danna ta da ƙafa ba. A cikinta kuma a ware wata 'yar ƙaramar jaka mai famfas biyu, tishu, shimfiɗar roba, ledar zuba ƙazanta da riga ɗaya.

Amfanin 'yar jakar nan sai wadda ta taɓa canza wa jariri famfas a banɗakin jirgi. Ɗaki ne da in kin shiga da ƙyar za ki juya. Teburin canjin yana naɗe a jikin bango saman masai, ki sauke shi da gwiwar hannu, ki shimfiɗa roba, ki kwantar da yaro kansa na neman taɓa bango. Tafin hannunki ɗaya yana kan cikinsa, ba ya ɗagawa ko na ƙiftawar ido, domin jirgi na iya girgiza ba sallama. Ƙafarsa tana harbin kwalbar sabulu, hannunsa yana zaro takarda. Babbar jaka ba ta da mazauni a nan sai ƙasa, ƙasan kuwa yawanci a jiƙe yake, kuma ba ruwa ne kaɗai ya jiƙa shi ba. Ba kowane banɗaki ke da teburin ba, ki tambayi ma'aikata tun da wuri wanne ne. Famfas ɗin da aka cire a ƙulle shi a leda a jefa kwandon shara na nan ciki, kada a tura shi masai. Kuma don Allah a daina canza wa yaro a kan kujera ko kan teburin cin abinci, a daina miƙa wa ma'aikaciya ƙullin ledar. Hannun nan da shi take raba wa mutane abinci. Yaron da ya fara wayo kuma a fitar da shi kafin a danna maɓallin ruwa, ƙarar zuƙar tana firgita su har wani ya ƙi komawa, ya riƙe fitsari sai ya kufce masa. Ko da ya daina sa famfas, ni ina sa masa na wando a ranar tafiya, don fitilar bel ba ta san uzuri ba.

Batun yawa kuwa, mutane suna lissafi da awannin da ke rubuce a tikiti. Lissafin gaskiya daga ƙofar gida yake farawa ya ƙare a ƙofar masauki, sannan a ɗora masa jinkiri. Ni famfas ɗaya nake ware wa kowace awa ga jariri, madara da abinci kuwa ninkin abin da tafiyar ke buƙata. Akwai ranar da aka gama shigar da mu, aka rufe ƙofa, sannan aka ce ana gyaran wani abu, muka yi ta zama cikin zafi har aka fara kiran ma'aikata da faɗa. Wata baiwar Allah a bayana ta auno madarar da za ta kai ta daidai, sauran gwangwanin yana ƙasan jirgi, tana zaune a samansa amma ba hali. Ma'aikatan ba su da komai sai madarar shayi, wadda ba ta dace da jaririn 'yan watanni ba. Sai da aka bi layi ana tambaya kafin aka samu mai irin tata.

Akwai dalilin da ya sa jarirai ke yawan ɓata jiki a sama, ba iya shege ba ne. Jirgi yana tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, amma ana matsa iskar cikinsa ta yi daidai da ta wurin da ke da tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A wannan matsin, duk iskar da ke kulle a wani wuri tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki dubi ledar biskit da ba a buɗe ba, za ki ga ta cika tam. Abin da ke faruwa a hanjin jariri ke nan, iska ta kumbura ta turo abin da ke gabanta, sai dai ki ji ɗumi a cinya. Shi ya sa kayan canjin yaro biyu ko uku ba su yi yawa ba, kowanne a ledarsa mai zif, in an cire mai tsabta a mayar da mai datti ciki. Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne rigar canji ta uwar kanta. Tumbuɗi ba ya zaɓen wuri, kuma zama awa shida cikin warinsa a gefen baƙi ba ƙaramin horo ba ne. Ki haɗa da babban mayafi mara nauyi, shi ne bargo in sanyi ya yi yawa, shi ne labule in za ki shayar, shi ne inuwa in maƙwabci ya kunna fitila. Sai safa, don ƙasan jirgi akwai sanyi. Wannan matsin ne kuma ke sa kofin yara mai bututun zuƙa, wanda aka rufe tun a ƙasa, ya yi tsartuwa in an ɗaga bakinsa a sama. Na ga ya wanke wa wani dattijo da ke layin gaba ƙeya. A fara sassauta murfin iska ta fita, sannan a buɗe.

Tun bayan da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo wani shirin kai hari da sinadarai masu ruwa a watan Agustan 2006, aka kafa dokar cewa duk abu mai ruwa da za a shiga da shi kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Wasu filayen jiragen da suka sa sababbin na'urori sun sassauta, amma kada ki dogara da haka, filin da za ki dawo ta cikinsa yana iya kasancewa a kan tsohuwar doka. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne madarar jariri da abincinsa da ruwan haɗa masa madara ba sa cikin wannan iyaka muddin yana tare da ke, kuma adadin bai wuce hankali ba. Ki fitar da su daban ki nuna wa masu bincike da kanki, za su iya gwada su, ki ba wannan ɗan lokaci. Mai shayar da nono dai ta huta da rabin wahala, sai dai ta yawaita shan ruwa, domin iskar jirgi a bushe take ƙwarai, danshinta ba ya cika wuce kashi 20 cikin ɗari. Mai ba da madarar gari ta auno ta tun a gida cikin 'yar robar nan mai ɗakuna, ta zo da fida fiye da ɗaya a wanke, don ruwan famfon banɗakin jirgi ba na sha ba ne balle wanke abin da jariri zai sa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa madarar gari da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai yi ƙasa da digiri 70 ba, a huce ta, kuma wadda ta wuce awa biyu a ajiye a zubar. Ƙaramin filas yana maganin wannan, ko madarar da ke zuwa a haɗe cikin kwali in yaron ya saba da ita. Ranar tafiya ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Ga masu haƙora a zo da abin da suka sani, wanda ba ya narkewa ba ya danƙo. Inibi a tsaga shi a tsaye, gyaɗa da alawa mai tauri kuwa a nisanta su da ɗan ƙasa da shekara huɗu, don shaƙewa a sama ba asibiti kusa. In ana son abincin yara na jirgi, sai an nema kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

Sai kunne, wanda shi ne asalin yawancin kukan da ake ji. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan maƙogwaro, ita ke daidaita matsin iska duk sanda mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma. Ta yara ƙarama ce kuma a kwance take, shi ya sa take saurin toshewa. Iyaye sun fi shirya wa tashi, alhali sauka ce ta fi ciwo, kuma ba sai tayoyi sun kusa taɓa ƙasa ba, jirgi yana fara gangarowa kusan rabin awa kafin nan. Da kin ji ƙarar inji ta ragu, kunnenki ya fara ɗaukewa, lokaci ya yi: nono, fida, robar tsotso, ko kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ga wanda ya tasa. Dabarar ita ce kada ki cika masa ciki dab da sauka, ya zo ya ƙi karɓa lokacin da ake buƙatar ya haɗiya. Wajen tashi ma ki jira sai jirgi ya ɗauki gudu, in kika fara tun yana rarrafe a ƙasa zai ƙoshi kafin a ɗaga. Robar tsotso a maƙale ta a riga da igiyarta, a kuma riƙe ta biyu, domin wadda ta faɗi ƙarƙashin kujeru ta tafi ke nan. In yaro yana mura, ruwan gishirin ɗigawa a hanci yana taimakawa. In ciwon kunne yake, likita ya gan shi kafin a kama hanya.

Jakar magani ba ta buƙatar girma: farasitamol na yara da sirinjin aunawa, an rubuta adadin da ya dace da nauyin yaron a jikin kwalbar, ma'aunin zafin jiki, 'yan ƙullin gishiri da sukari na ORS, man shafawa na ƙurajen famfas. Duk maganin da yaro ke sha kullum, kamar abin shaƙa na asma, a jakar hannu yake zama cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Asfirin ba na yara ba ne sam. A nan zan ɗan tsaya a kan wata shawara da ake raɗa wa juna, wai a ba yaro maganin mura mai sa barci don a samu lafiyar tafiya. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Irin su Phenergan an hana ba ɗan ƙasa da shekara biyu saboda yana iya danne numfashi, ga shi kuma a sama iskar da ake shaƙa ta riga ta ragu. Wasu yaran ma maimakon barci sai maganin ya birkita su, su yi ta ƙiriniya da kuka har a sauka. Kunyar fasinjoji ba ta kai a yi caca da numfashin yaro ba.

Yanzu ga maganar da na fi so a ji, ko da ba za ta yi wa aljihu daɗi ba. A cikin duk kayan tafiya, babu wanda ya kai kujerar yaro ta kansa. Kamfanoni suna barin ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna a cinya, a tafiyar ƙasa da ƙasa galibi a kan kashi goma cikin ɗari na kuɗin babba, kuma yawancinmu haka muke yi, har da ni a lokutan da hali bai ba da ba. Amma a san abin da aka zaɓa. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana faɗa cewa hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba in jirgi ya yi mummunar girgiza. A ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa irin wannan gargada ana cikin raba abinci, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka bugi rufi, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka jikkata, aka karkatar da jirgin zuwa Bankok. A ranar 5 ga Janairun 2024 kuma wani ɓangaren jikin jirgin Alaska Airlines ya ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa daga birnin Portland na Amurka, iska ta fizge rigar wani matashi daga jikinsa, kuma akwai jarirai uku a cinyar iyayensu a cikin jirgin. Allah ya tsare, amma masu binciken haɗarin sun fito sun roƙi iyaye su riƙa saya wa jarirai kujera. Maganar ba sabuwa ba ce. A haɗarin jirgin kamfanin United a birnin Sioux City na Amurka a 1989, ƙa'idar lokacin ita ce a kwantar da jariran cinya a ƙasa a danne su. Ɗaya daga cikinsu bai tsira ba, kuma shugabar ma'aikatan jirgin, Jan Brown, wadda ita ta ba iyayen wannan umarni, ta kwashe shekaru tana fafutukar a wajabta wa kowane yaro kujera.

Saboda haka in kina da kuɗin sayen akwati mai taya da matashin hurawa da sauran tarkace, ki tara su ki ga ko za su kusantar da ke ga kujera. In an samu, ana ɗaura kujerar mota ta yara a kanta, amma sai mai tambarin da ke nuna an amince a yi amfani da ita a jirgi, faɗinta kuma kada ya wuce kamar santimita 40. A gefen taga ake sa ta don kada ta tare wa wasu hanya, kuma ba a zama da yara a layin ƙofar gaggawa. Ga yaron da ya kai kilo 10 zuwa 20 akwai wani ɗamara mai suna CARES da ake zargawa a bayan kujera a haɗa da bel, nauyinsa bai wuce rabin kilo ba, yana shiga jaka. Shi kam ya ci kuɗinsa. In a cinya za a riƙe, jiragen Turai da na wasu ƙasashe suna ba da ɗan bel da ake sarƙafawa a na uwa, na Amurka kuwa ba sa yarda da shi. Ki bi abin da ma'aikata suka ce, amma kada ki taɓa zagaye kanki da yaro da bel guda, nauyinki ne zai matse shi. Babba ɗaya jariri ɗaya yake riƙewa, mai tagwaye sai ta sayi kujera ko ta samu abokin tafiya, kuma ana iya raba su layi saboda abin shaƙar iskar gaggawa ƙidayayye ne a kowane layi. In ya sauko, naki za ki fara sawa. Zuciya ba ta so, amma a can sama ƙasa da minti ɗaya mutum ke da shi kafin hankalinsa ya gushe, in kin suma babu mai sa wa yaron.

Gadon jariri da ake maƙalawa a bango a manyan jirage yana da daɗi a doguwar tafiya, sai dai a nema tun ranar yankan tikiti, don kaɗan ne, kuma yana da iyakar nauyi, a kamfanoni da yawa wajen kilo 10 zuwa 14. Yana da tsadarsa ta wata fuska: a wannan layin babu kujera a gabanki, don haka jakarki dole ta hau sama lokacin tashi da sauka. Ki zare 'yar ƙaramar jakar da fida ki soke a aljihun bango kafin a karɓe ta. Da yawa kuma za su ce ki ciro yaron duk sanda fitilar bel ta kama, ko da yanzu ya samu barci.

Keken tura yaro yana da amfani a filin jirgi, ana barin ki da shi har bakin ƙofa a sa masa alama. Inda ake samun matsala shi ne dawowarsa. An taɓa tabbatar mini za a miƙo mini nawa a bakin jirgi inda za mu yada zango, na tsaya har masu shara suka shiga, sannan aka ce ya wuce sai can inda za mu. Tsakanin ƙofar da muka sauka da wadda za mu shiga tafiya ce mai nisa, ga jaka, ga mai barci, ga mai jan riga. Abin goyon da ke naɗe a gindin jakata shi ya fitar da ni. Don haka in ɗaya za a zaɓa, ni abin goyo zan ɗauka, sai dai a sani yawancin kamfanoni za su ce a kwance yaro daga ciki lokacin tashi da sauka. Mai hali ta sayi ƙaramin keken da ke naɗewa ya shiga ma'ajiyar sama. In kuma keke ya fito a karye, kada ki bar filin jirgi sai kin cike takardar ƙorafi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wato dokar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin fasinjan jirgi, kwana 7 ne wa'adin kai kukan kayan da suka lalace a rubuce, kwana 21 na waɗanda suka makara.

Takardu kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane yaro da fasfonsa ko da jiya aka haife shi, kuma ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare. A riƙe takardar haihuwa, ita ke tabbatar da bai kai shekara biyu ba. In zai cika biyun kafin dawowa, to a dawowa sai da kujerarsa. Uwar da ke tafiya ba tare da uban yara ba ta riƙe takardar amincewarsa da sa hannu da kwafin fasfonsa, ana tambaya a wasu iyakokin. Inda ake neman katin rigakafin cutar shawara, daga wata tara ake yi wa yaro, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Duk waɗannan a 'yar jakar da ke rataye a jikinki, da hotunansu a waya. Yaron da ke gudu a rubuta lambar waya a ɗaura masa a hannu, a kuma ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa kafin a fita.

Kayan wasa ba sai na ja ba. Sitika, ɗan littafi, fensirin kala, abu biyu ko uku da bai taɓa gani ba, a riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ban da mai ƙara, ban da mai gangarawa, ban da bindigar roba, masu bincike za su karɓe ta a bar ki da kuka. In za a ba shi kallo a sauke tun a gida, a haɗa da abin kunne na yara mai waya wanda ƙararsa ba ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti ba. Batirin cajin waya, wato pawa bank, a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a kayan awo, kuma kada ƙarfin cajinsa ya wuce 100Wh. Tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a cikin jirgi, don haka a cika caji kafin a shiga. Matashin hurawar nan da ake mayar da kujera gado, wasu kamfanonin ba sa yarda da shi, a tambaya kafin a zubar da kuɗi. Su kuma iyaye maza, in ana tare, ga aikinku: in an kira masu yara su fara shiga, kai ka shige da kaya ka gyara wuri, ita ta tsaya da yara su ƙarasa guje-gujensu su shigo a ƙarshe. Kuma ɗaukar jaka ba ta fanshe ka daga zuwa banɗaki da jariri ba.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo. Abin da ya fi ba iyaye wahala shi ne amsa uku a kan tambaya ɗaya: mai sayar da tikiti ya ce ana shiga da kujerar mota, mai awon kaya ya ce bai sani ba, ma'aikaciyar jirgi ta ce a mayar da ita ƙasa, bayan an riga an biya kuɗin kujerar yaron. Ni yanzu sai na sa an turo mini amsar a rubuce na buga ta a takarda nake fita. Da za ku tura wakilinku ya bi kamfanonin jiragen da masu karatunku suka fi hawa, ya tambayi kowanne ƙa'idarsa a kan kujerar mota, gadon jariri, keke da nauyin kayan da ake ba jariri, ku buga mana amsoshin a shafi guda da Hausa, da mun yanke shafin mun sa a jakar fasfo.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku